Takobi da Ƙaninsa: Yadda Ake Gane Tagwayen Makamai daga Japan zuwa Ƙasar Zazzau

A gundumar Basawa, wadda take cikin Ƙaramar Hukumar Sabon Gari kuma take maƙwabtaka da Samaru, takobi yana fitowa bainar jama'a a wurare biyu, wato a hannun hafsoshin barikin soja ranar fareti, da kuma a kafaɗar mahayan da ke bin hakimi zuwa cikin birnin Zariya lokacin hawan sallah da hawan daushe. Akwai kuma wani takobin wanda matasa suka sani ta hanyar finafinai, shi ne lanƙwasasshen takobin mayaƙan Japan da ake kira samurai, wanda masu tara kayan tarihi a duniya suke kashe maƙudan kuɗi a kansa, musamman idan an same shi tare da ƙaninsa. Tambayar da ta fi wahalar da waɗannan masu tarawa ita ce, me yake sa a kira takubba biyu tagwaye, kuma amsarta ta fi sauƙin fahimta ga wanda ya san tarihin takobin Hausa.

Japanawa suna kiran waɗannan tagwaye daisho, kalmar da ta haɗa dai, wato babba, da sho, wato ƙarami. Babban shi ne katana, wanda tsawon ruwansa ya haura shaku biyu, kimanin santimita 60, ƙaramin kuma wakizashi, wanda ruwansa yake tsakanin santimita 30 da 60. Abin da ya gaza haka wuƙa ce, sunanta tanto. A zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, soka waɗannan biyu a ɗamara, kaifi yana kallon sama, shi ne alamar cewa mutum ɗan gidan mayaƙa ne, domin attajiri yana iya samun izinin riƙe gajeren, amma haɗa biyun haƙƙin samurai ne kaɗai. Tun a 1588 Toyotomi Hideyoshi ya ba da umarnin ƙwace makamai daga hannun manoma, sannan a 1876 gwamnatin Meiji ta hana yawo da takobi, abin da ya mai da shi kayan gado da ake adanawa a gida. Idan samurai ya kai ziyara, yakan ajiye dogon a ƙofa ko a kan ma'ajiyarsa, gajeren kuwa yana nan a jikinsa har cikin ɗaki.

Wanda bai san harkar ba zai ɗauka cewa sai maƙeri ɗaya ya ƙera ruwan takubban biyu kafin a kira su daisho. Irin wannan yana samuwa, kuma ya fi kowane tsada, amma kaɗan ne ƙwarai, saboda samurai da yawa sun gaji dogon daga kakanni ne, suka sayi gajeren daga baya ko aka ba su shi kyauta, har ma yakan zamana shekara ɗari ko fiye ta raba ƙirar ɗaya da ta ɗayan. Abin da ya haɗa su shi ne sutura, wadda Japanawa ke kira koshirae: kube biyu da aka shafe da fenti iri ɗaya na ƙaron itace, ƙota biyu da aka lulluɓe da fatar wani kifi mai ƙurji-ƙurji aka naɗe da zaren siliki mai launi guda, da faranti biyu na kare hannu, wato tsuba, waɗanda zanensu yake amsa wa juna, na ƙaramin ya ɗan fi ƙanƙanta. Saboda haka masana suka bambanta daraja uku, duk da cewa ba kowa ya yarda da iyakokinsu ba: tagwayen da ruwansu da suturarsu suka fito tare, waɗanda aka yi wa sutura guda a zamanin da ake ɗaura su, da waɗanda wani dillali ya haɗa jiya domin farashi ya tashi. Na ukun su ne tarkon da sabon shiga yake faɗawa.

Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba, domin takobin da mahayin Zazzau yake ratayawa da hamila, shi ma ruwansa da suturarsa sau da yawa ba ƙasarsu ɗaya ba. Heinrich Barth, wanda ya iso Kano a 1851, ya rubuta cewa ruwan takubba masu ɗimbin yawa suna shigowa kasuwar ta hanyar Sahara, mafi yawansu ƙirar garin Solingen na Jamus, a Kano ne kuma ake yi musu ƙota da kube kafin su bazu zuwa wasu ƙasashe. Maƙeri shi ne mai gyara ruwan da kafa ƙota, maƙerin fari ya yi adon farin ƙarfe ko na tagulla a bakin kube da gindinsa, baduku kuma ya lulluɓe shi da jar fata ko koriya ya zana shi. Idan aka zare tsohon takobi irin wannan aka karkata shi ga haske, za a ga kwarmi ɗaya ko uku sun miƙe daga gindi zuwa tsakiya, a gefensu kuma sau da yawa akwai tambarin jinjirin wata guda biyu, wanda asalinsa na Turai ne amma maƙeran gida suka riƙa kwaikwayonsa, tunda mai saye yana neman sa. A. D. H. Bivar ya bi diddigin irin waɗannan makamai na fadodin Arewa a littafinsa Nigerian Panoply na 1964.

Abokin wannan takobi shi ne wuƙar damtse, wadda ake saƙalawa a hannun hagu da zoben fata, al'adar da Hausawa suka yi tarayya da Buzaye a kanta. Babu wata doka da ta ce sai kubenta ya dace da na takobi, kamar yadda al'adar Japan ta tanada, amma idan baduku ɗaya ya yi su ga mutum ɗaya, launin fatar da salon zanen da ɗinkin bakin kube sukan fallasa hakan. Tagwayen da fada ta amince da su a matsayin alamar mulki kuwa, a Kano suke, su ne tagwayen masu, waɗanda ake danganta asalinsu da Sarki Muhammadu Rumfa. Katsina tana da Gajere, takobin da ake dangantawa da Korau, Daura kuma tana riƙe da wanda ake jingina wa Bayajida, kuma darajar kowannensu tana cikin sanin hannuwan da suka riƙe shi.

A nan ne Japan ta yi nisa. Daga 1945 sojojin mamaya na Amurka sun tattara takubba masu yawa, wasu aka narkar, wasu suka tafi da su gida, har shahararren takobin nan Honjo Masamune ya ɓace bayan an miƙa shi ga wani ofishin 'yan sanda a Tokyo a ƙarshen 1945. Wannan asara ta sa a 1948 aka kafa ƙungiyar adana takubban fasaha da ake kira NBTHK, wadda alƙalanta suke duba takobi su ba shi takardar shaida a ɗaya daga matakai huɗu. Sukan cire turken gora da ya riƙe ƙota, su zare ta, su duba gindin ƙarfen da ke ɓoye a ciki, wanda ake kira nakago, inda maƙeri yakan sassaƙa sunansa, wani lokaci har da shekara. Sa hannun bogi ya yi yawa, don haka sai sun gwada shi da ƙirar ƙarfen da kuma hamon, wato farin layi mai kama da igiyar ruwa da ke bin kaifi, wanda yake fitowa saboda yumɓun da aka shafa wa ruwan kafin a tsoma shi cikin ruwa. Baƙar tsatsar da ke jikin nakago ita ce ma'aunin shekaru, shi ya sa wanda ya goge ta da nufin gyara ya zubar da babban rabo na kuɗin takobinsa.

Irin wannan kuskure yakan faru a gidajen sarauta da na tsofaffin mahaya a nan gida, inda kafin kowace sallah ake kai takobin kaka wurin mai wasa wuƙa a dirje shi a kan dutsen inji har tambarin ya shafe, ko a cire tsohon kube da ya tsage a jefar, a ɗinka sabo mai ƙyalli. Da za a ajiye tsohon a gefe, a shafa wa ƙarfen ɗan mai mara gishiri, a kuma rubuta a takarda sunan wanda ya fara riƙe shi da yaƙi ko sarautar da ake danganta shi da ita, da an sami abin da malaman tarihi da na binciken kufai na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru za su iya aiki da shi. Mai niyyar sayarwa ga baƙo kuma ya kamata ya sani cewa dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi daga Nijeriya sai da izininta, kuma makamin da aka ƙera kafin 1918 yana iya shiga cikin wannan hukunci.