Kafin A Zargi ASUU, A Dubi Gine-ginen Jami'a

Duk wanda ya zagaya Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello zai ga gine-gine ɗauke da sunan TETFund. Asusun nan ya samo asali ne daga yarjejeniyar da ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta tilasta wa gwamnatin Babangida sanya wa hannu a 1992. A 2024, da aka kai wa Majalisar Tarayya ƙudurin haraji mai neman soke kason asusun daga 2030, ƙungiyar ta tashi haiƙan ta ƙi amincewa.

Babu shakka yajin aikin wata 8 na 2022 ya cutar da ɗalibai. Amma ranar da ASUU ta yi shiru, ɗan talaka ne zai fara rasa kujera a aji.