Ubangida da Masoya: Matsayin Mawaƙi Mai Zaman Kansa a Dandalin Sada Zumunta

Duk wanda ya nazarci waƙar baka ta Hausa ya san ba a raba makaɗi da ubangidansa. Narambaɗa makaɗin Sarkin Gobir na Isa ne, daga gare shi ya ke samun doki da riga da hatsi, saboda haka kalmomin waƙarsa na fada ne, da zuga da zambo da jeranta asali. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, bai ɗaure kansa a ƙofar sarki guda ba, amma shi ma yana da iyayen gida, attajirai da ma'aikata da direbobi, kowa ya yi alheri a ambace shi. Abin da na ke so in bincika a wannan takarda shi ne, ina wannan ubangida ya shiga tun da waƙa ta koma yawo a wayar hannu da intanet? Ana yawan cewa mawaƙin yanzu ya sami 'yanci, ba sarki, ba kamfanin faifai. A ganina maganar tana bukatar gyara.

Ya kamata mu fara da inda abin ya soma fitowa fili, watau Amurka da Ingila. A 2003 aka buɗe dandalin MySpace, wanda ya ba kowane mawaƙi damar ɗora waƙoƙinsa kyauta, jama'a su saurara, su kuma jawo abokansu. Misalin da aka fi kawowa shi ne na wasu samari 'yan birnin Shafil na Ingila, masu suna Arctic Monkeys. Su dai faifai su ka riƙa rabawa kyauta a wuraren wasa. Masu sauraronsu ne su ka kwafe waƙoƙin su ka baza a intanet, har su ka buɗe musu shafi a MySpace ba da saninsu ba. Da faifansu na farko ya fito a Janairun 2006, an sayar da fiye da 360,000 a mako guda. Mai karatu ya lura, aikin yaɗawa ba mawaƙan ne su ka yi ba, masu sonsu ne.

A ƙasashenmu kuwa hanyar ta bambanta, gama wayar hannu ta riga intanet mai araha isowa. Waƙa ta riƙa tafiya daga waya zuwa waya ta Bluetooth da katin memori, sa'an nan a kasuwanni aka sami masu sana'ar tura waƙa, mutum ya ba da 'yan kuɗi a cika masa kati. A 2008 wani Ba'abzine daga Nijar, Mdou Moctar, ya zo Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa cikin harshen Abzinawa, amma da irin na'urar gyaran murya da mawaƙan fim na Hausa ke amfani da ita. Ba kamfanin da ya fitar da su a lokacin. Duk da haka su ka ratsa Sahara cikin aljihun matafiya har arewacin Mali, inda wani Ba'amurke mai tara waƙoƙi, Christopher Kirkley, ya tsinci ɗaya daga cikinsu. Ya sa ta cikin faifan da ya fitar a 2011 na waƙoƙin da ya kwaso daga wayoyin mutanen Sahara, sai da ya sha wahalar cigiya kafin ya gano mai ita. Zuwa 2021 Mdou Moctar ya kai ga fitar da faifai a kamfanin Matador na Amurka. Wannan ma zumunci ne ya ɗauki waƙar, sai dai zumuncin tasha da rumfar mai shayi, tun kafin Facebook da YouTube da Audiomack da TikTok su karɓi aikin.

To, wane suna Bahaushe ya ba waɗannan masu yaɗawa? Nan ne abin ya shafi mai nazarin harshe. Kalmomi biyu su ka fi yawa a bakin mawaƙa, “masoya” da “mabiya”. Dukansu ƙirar suna ɗaya gare su, ta mai aikatawa, mai ɗafa ma- a goshi, kamar manomi da maɗinki, ɗaya daga “so”, ɗaya daga “bi”. Amma ba nauyinsu ɗaya ba. A da, mabiyi shi ne ƙanen da ya biyo mutum a haihuwa, ko almajirin da ya kama gaban wani shehi. Yanzu an ɗora wa kalmar ma'anar wanda ya danna alama a dandali don a riƙa nuna masa abin da wani ya ɗora, ko yana ƙaunarsa ko yana neman abin zagi. Mabiya ƙidaya su a ke yi. Masoyi kuwa yana nan da tsohuwar ma'anarsa, shi ya sa mawaƙi in zai yi godiya masoyansa ya ke kira, in zai yi ciniki da mai talla sai ya faɗi yawan mabiyansa.

In mu ka duba aikin da masoyi ke yi, sai mu ga ya haɗa matsayi uku waɗanda a tsohuwar ƙungiyar kiɗa mutane dabam dabam ke riƙe da su. Shi ne ɗan amshi, domin shi ke maimaita waƙar a ɗan gajeren bidiyonsa. Shi ne sanƙira, domin shi ke kai ta kunnen wanda bai ji ba, yana kuma kare mawaƙinsa in an taɓa shi. Kuma shi ne ubangida, tun da kallonsa ne ke zama kuɗi. Bambancin shi ne 'yan amshi da sanƙira suna da kaso in an raba kyauta, shi kuwa masoyi da kuɗin datarsa ya ke yin hidimar.

Wannan ya taɓa jikin waƙar kanta. Malamai sun san rabon da a ke yi tsakanin gindin waƙa, wanda a ke komawa gare shi, da ɗiyanta, inda makaɗi ke shimfiɗa zance. Waƙar fada ɗiya ne arzikinta, makaɗi na iya ƙara su ko ya rage gwargwadon waɗanda ke zaune a gabansa. Gajeren bidiyo kuwa ba ya ɗaukar fiye da gindi da ɗa guda. Haka aka gani a 2020, lokacin kullen annobar korona, sa'ad da matan aure su ka riƙa ɗaukar kansu suna taka rawa a gaban mazajensu da waƙar “Jarumar Mata” ta Hamisu Breaker, abin da ya jawo muhawara mai zafi. Ɗan yanki kaɗan ne ya zagaya ko'ina. Ina zaton mawaƙin da ya ga haka zai ƙara zuba ƙarfinsa a gindi, ya sassauta wa ɗiya, ko da ya ke wannan magana ce da sai an jera waƙoƙi an auna kafin a yanke ta.

Game da 'yanci kuwa, dandali ma yana da ƙa'idodinsa. A 2018 YouTube ya shar'anta cewa ba mai samun kason kuɗin talla sai yana da mabiya 1,000, an kuma kalli abinsa sa'o'i 4,000 cikin shekara. Bayan haka tallar da aka nuna wa mai kallo a Kano ko Maraɗi ba ta kai ta Landan tsada ba. Don haka mawaƙin Hausa, kome yawan masoyansa, galibi abincinsa na wajen wasan biki da na salla da waƙar 'yan siyasa. Ashe ubangida na nan, suna ne dandali ke samar wa mawaƙi, da sunan ya ke zuwa ƙofar mai kuɗi.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye, mu masu koyarwa. Waƙar da ta bi ta hannu ɗari takan iso ba sunan mawaƙi, ba shekara, ba wurin ɗauka, wani lokaci ma an canja mata suna a hanya. Ɗalibin da aka aika ya tattaro waƙoƙin garinsu sai ya kawo adireshin intanet kawai, yana ganin ya gama aiki. Ni dai nakan ce ya sauke waƙar, ya rubuta baitocinta, da ranar da ya same ta, da wanda ya tura masa. Dalilina shi ne abin da ya sami MySpace. A 2019 kamfanin ya sanar cewa wajen sauya ma'ajiya ya yi asarar abin da aka ɗora masa daga 2003 zuwa 2015, an ƙiyasta waƙoƙi wajen miliyan 50 na mawaƙa miliyan 14. Daga baya ma'ajiyar Internet Archive ta fito da kimanin 490,000 daga cikinsu, waɗanda wasu masu bincike su ka kwafa tsakanin 2008 da 2010 domin nazarinsu.