Me ya sa Amurkawa ke farautar tsofaffin kwanukan gilashi a shagunan gwanjo?

A shagunan gwanjo na Amurka, irin su Goodwill, akwai mutanen da ke sammako domin abu guda: tsofaffin kwanukan gashi na gilashi samfurin Pyrex. Kwanon da aka saya 'yan daloli kan kai ɗaruruwa a intanet, har an taɓa sayar da wani samfuri na 1959 mai suna Lucky in Love kan dubban daloli.

Daga ina suka fito?

Kamfanin Corning ne ya fara sayar da Pyrex a 1915. Ya yi amfani da gilashin borosiliket, wanda zafi ba ya buɗa shi sosai, shi ya sa ba ya saurin fashewa idan an fito da shi daga tanda. A 1945 kamfanin ya fito da kwanuka masu launi daga masana'antarsa ta garin Charleroi a jihar Pennsylvania. An daina yin su a 1986, don haka kullum raguwa suke yi.

Me ya sauya?

A 1998 Corning ya sayar da sashensa na kayan girki, sunan Pyrex ya riƙa sauya hannu tsakanin masu zuba jari. A 2023 kamfanin Instant Brands da ke riƙe da shi ya ayyana karayar arziki, sannan a 2024 aka sanar da rufe masana'antar Charleroi mai ma'aikata kusan 300.

Pyrex da ake sayarwa a Amurka yanzu na gilashin soda da farar ƙasa ne da aka ƙarfafa. Ya fi arha, ya fi jure faɗuwa, amma bai kai borosiliket jure sauyin zafi na farat ɗaya ba. A Faransa kuwa har yanzu da borosiliket ake yin sa.

Shin na da ya fi inganci?

A nan ne masu saye da dama ke kuskure. Kwanukan masu launi da ake rububi su ma na gilashin soda ne tun asali. Ƙarancinsu da begen girkin iyaye da kakanni ne ke tsadantar da su. Bugu da ƙari, gwaje-gwajen wasu masu fafutuka sun nuna akwai dalma a fentin bayan wasunsu, dalilin da ya sa wasu ke jera su a kabad maimakon girki da su.

Wa ke cin riba?

Dillalai ne kan gaba. Mai ƙaramin ƙarfi da ya dogara da gwanjo kan tarar an riga shi kwashe na kirki, ko an ɗaga farashi. Su kuwa ma'aikatan Charleroi, kwanukan da garinsu ya ƙera na ƙara daraja, amma ko sisi ba ya shiga aljihunsu.