Ƙofar Makaranta Tana Hannun Mai Riƙe da Mabuɗi

Daga Wakilinmu na Mahuta

Duk wanda ya taɓa cin kasuwa a Mahuta, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Fakai cikin ƙasar Zuru, ya san garin ba na kabila ɗaya ba ne. Ga Fakkawa, ga Dakarkari, ga Gelawa da Bangawa, ga Hausawa 'yan kasuwa, ga kuma Filani da ƙoren nono. Musulmi da Kirista da masu bin al'adar kakanni, duk da mudu ɗaya a ke auna musu dawa. To, amma in aka leƙa makarantun kuɗi, watau waɗanda ba na Gwamnati ba, a nan da sauran garuruwan Arewa, sau da yawa sai a ga abin ya bambanta. Wannan ta 'ya'yan su wane ce, waccan kuwa ta mabiya addini kaza. Yaran da za su zauna ƙasa ɗaya har tsufansu suna tashi ba su san juna ba.

Asalin Rabuwar

Wannan rabuwa ba yau ta fara ba. A zamanin Turawa ilmin boko ya shigo Arewa ta hanya biyu. Gwamnati ta kafa nata makarantu, kamar Kwalejin Katsina wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922 domin horad da malamai Musulmi. Turawan Mishan kuwa aka taƙaita musu aiki cikin ƙasashen sarakunan Musulmi, sai suka fuskanci wurare irin namu. Ta haka ne Mishan ɗin da a ke kira U.M.S. ya kafa tasha a Zuru a 1925, ya koya wa yara da yawa karatu da rubutu. Ba mai musun amfanin da aka samu. Sai dai kowace hanya ta ɗebi nata mutane, kuma masu shirya ta ba su zauna da mutanen ɗayar ba. Gwamnati ta karɓe makarantun Mishan da dama cikin shekarun 1970, amma da makarantun kuɗi suka sake yawaita, sai tsohuwar tsagar ta sake bayyana.

Yadda Aka Yi a Amurka

Ba mu kaɗai wannan ciwo ya taɓa kamawa ba. A Amurka launin fata ne ya raba yara. A 1954 babbar kotun ƙasar ta yanke hukunci cewa raba farare da baƙaƙe a makarantun Gwamnati ya saɓa wa tsarin mulki. Amma hukuncin bai shafi makarantun kuɗi ba, har ma waɗansu fararen Kudancin ƙasar suka kakkafa sababbi don su tsere masa.

A 1963 shugabannin manyan makarantun kuɗi 23 suka haɗa kai suka kafa wata ƙungiya wadda ba ta neman riba, mai suna A Better Chance, ma'ana ba yaro dama wadda ta fi ta da. Aikinta shi ne ta nemo yara masu hazaƙa daga gidajen baƙaƙen fata da sauran marasa galihu, ta sama musu gurbi da kuɗin makaranta. Shugabannin sun gane cewa buɗe ƙofa kaɗai bai isa ba, gama yaron da aka jefa cikin aji bai shirya ba, kunya kurum zai sha. Saboda haka a 1964 aka fara tara yaran a Kwalejin Dartmouth lokacin dogon hutu, ana ƙarfafa su a Turanci da lissafi kafin su shiga. Ɗaya daga cikin waɗanda ƙungiyar ta ɗauka, Deval Patrick, yaro daga unguwar talakawa a Chicago, shi ya zama Gwamnan Jihar Massachusetts daga 2007 zuwa 2015. Abin lura kuma shi ne, fararen da suka kafa ƙungiyar ba su ƙanƙame kujerun ba. Daga baya baƙaƙen fata sun riƙe shugabancinta.

Misali Daga Barno

Kada wani ya ce ai wannan sai ƙasar masu arziki. A Maiduguri, a 2007, wani lauya, Zannah Mustapha, ya kafa gidauniyar Future Prowess da makarantar marayu, da yara 36. Karatu kyauta, abinci kyauta, tufafi kyauta. Da fitinar Boko Haram ta ɓarke a 2009, sai ya yi abin da mutane da yawa suka ga kamar ganganci ne: ya karɓi marayun waɗanda aka kashe, da na sojoji, da na 'yan tada ƙayar bayan su kansu, ya zaunad da su aji ɗaya. Bai tsaya ga yaran ba, ya jawo iyayensu mata cikin ƙungiyar gama kai ta sana'a. Amanar da kowane ɓangare ya ba shi ita ta sa ya iya shiga tsakani har aka sako 'yan matan Chibok 21 a 2016, da 82 a 2017. A shekarar nan ta 2017 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar Nansen. In har 'ya'yan waɗanda suka zubad da jinin juna za su iya cin tuwo kwano ɗaya, ina dalilin da zai hana Bafakke da Bahaushe da Bafilatani?

Abin da Ya Rage Gare Mu

Darasin da ke cikin labarun nan biyu guda ne: makaranta tana ɗaukar kamannin masu riƙe da ita. In kwamitin da ke zaɓen yara duk 'yan gida ɗaya ne, ko da niyyarsu ta yi kyau, yaran da suka sani su za su zaɓa. Saboda haka duk ƙungiyar da za ta yi irin wannan aiki a Mahuta, ko Dabai, ko Danko, ko Sakaba, ko Wasagu, wajibi ne kowace kabila da kowane addini su sami wakili mai faɗa a ji, ba ɗan rakiya ba, kuma a sa mata a ciki. A yanka wa shugaba wa'adi, ya horad da magaji tun yana kan kujera. Ya kuma sa 'ya'yansa na cikinsa a makarantar, domin wanda ɗansa ke shan ruwan rijiya ba ya barin a zuba mata shara.

Ku akawuna, magadan ma'aikatan En'e, naku aikin shi ne littafin kuɗi. Kowace naira da aka tara don taimakon yara a rubuta ta, a karanta lissafin gaban iyaye kowace shekara, a kuma bayyana yadda aka zaɓi kowane yaro. Zargi ya fi saurin kashe ƙungiya bisa ga talauci.

Ku kuma malaman makaranta, ku tuna akwai yaron da ya zo daga ƙauye da harshen uwarsa kaɗai, Hausa ma bai gama kamawa ba, balle Turanci. Shirunsa ba daƙiƙanci ba ne. Ku ba shi darasin share fage kamar yadda aka yi a Dartmouth, ku hana a yi wa sunansa ko tsagen fuskarsa ba'a, kada kuma a tilasta masa ibadar da ba ta gidansu ba. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, haka ma zumunci.

Allah ya ba mu shugabanni masu riƙon amana, ya zaunad da ƙasarmu lafiya, amin.