Takobin Nijar Da Takalmin Ƙanƙara: Yadda Ƙasashe Ke Fid Da Gwaninsu A Hunturu

Idan watan Disamba ya raba tsakiya, hazo kan lulluɓe kogin Binuwai har wanda ke tsaye a bakin gadar Jimeta ya kasa hango ƙetare sosai. A wajenmu lokacin hutawa ke nan, amfanin gona ya shigo gida, samari kuma sun fara neman inda za a gwada ƙarfi. Abin da mai karatu bai cika lura da shi ba shi ne, a cikin waɗannan makonni ne ƙasashe da dama, na kusa da na nesa, suke taruwa su fid da gwaninsu na shekara a wasan da suka ɗauka nasu ne.

Mu fara da maƙwabta. A 1975, zamanin mulkin Seyni Kountché, Jumhuriyar Nijar ta buɗe gasar kokawa ta ƙasa a garin Tawa, inda Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko. Tun daga nan gasar take zagaya jihohin ƙasar, bana nan, baɗi can. Ko da yake akwai shekarun da ba a yi ba, wadda aka yi a Doso a ƙarshen 2024 ita ce ta 45. Jihohi 8 ne, kowace ta kawo 'yan kokawa 10, watau mutum 80 ke nan ke neman takobi ɗaya tak, kuma wanda aka kayar ya fita daga layin masu nemansa, sai dai ya ci gaba da kare sunan jiharsa. Saboda haka ne faɗuwa ɗaya take sa ƙato kuka a gaban jama'a. Isaka Isaka na Doso ya ɗauki takobin nan sau 6, na shidan a Agadas a ƙarshen 2023, kuma da wuya ka sami mai sha'awar kokawa a Arewacin Nijeriya da bai san sunansa ba.

To, a daidai lokacin da ake kiɗa wa maza ganga a Nijar, can a ƙasashen sanyi wata irin gasa ake yi wadda yawancinmu sai a talbijin muka taɓa gani, watau wasan zamiya a kan ƙanƙara. Fili ne na daskararren ruwa, tsawonsa mita 60, faɗinsa mita 30. Mai wasa yana sanye da takalmi mai siririn ƙarfe a ƙasa, kaurinsa kimanin milimita 4, a kansa zai yi gudu, ya bi kiɗa, ya daka tsalle ya juya sau uku ko huɗu a sama, sa'an nan ya dira da ƙafa ɗaya. Ba wanda yake kayar da wani. Alƙalai ne ke zaune suna ba da maki a kan wuyar abin da ya yi da kuma kyan yadda ya yi shi. Japan da Rasha kan yi gasarsu ta ƙasa a ƙarshen Disamba, Amurka da Kanada a Janairu, daga nan a wuce gasar duniya a watan Maris.

Abin da ya sa gasar gida take da zafi shi ne ƙofar fita ƙarama ce. Ƙungiyar duniya mai kula da wasan, wadda aka kafa tun 1892, ba ta yarda wata ƙasa ta kawo fiye da 'yan wasa uku a rukuni guda ba, komai yawan gwanayenta. A ƙasa irin Japan, wanda ya zo na huɗu a gida yana iya fin zakaran wata ƙasar, amma dole ya zauna ya yi kallo. Kuma ko shiga cikin ukun farko ba koyaushe yake isa ba. A gasar Amurka ta 2014 a Boston, Mirai Nagasu ta zo ta uku, amma hukumar wasan ta tsallake ta, ta ɗauki Ashley Wagner wadda ta zo ta huɗu zuwa wasannin Olamfik na Sochi, bisa hujjar cewa an duba abin da kowa ya yi a gasannin baya. A ganina hujjar tana da ƙafa, amma lalle ɗan kokawar Nijar ba zai fahimce ta ba, domin shi a wurinsa ƙasa ce alƙali, wanda ya taɓa ta ya faɗi.

Wani lokaci ma neman gurbin nan yakan kai ga ɓarna. Ran 6 ga Janairu 1994, ana shirin gasar Amurka a Detroit, wani mutum ya tare Nancy Kerrigan bayan ta gama gwaji, ya doke ta da sanda a saman gwiwa. Abokiyar hamayyarta Tonya Harding ta ci gasar, amma bincike ya nuna tsohon mijinta ne ya shirya harin. Aka ƙwace kambun, aka kore ta daga wasan har abada, ita kuwa Kerrigan ta warke ta ci lambar azurfa a Lillehammer bayan makonni bakwai.

Kada a ɗauka wasan na farar fata ne kaɗai. Debi Thomas ta ci gasar Amurka da ta duniya a 1986, Surya Bonaly kuwa ta riƙe kambun Faransa shekara 9 a jere, daga 1989 zuwa 1997.

Abin da ya haɗa takobin Nijar da takalmin ƙanƙara shi ne lokaci sananne da kambu sananne. Amurka ta fara tata gasar a 1914. A Fabrairun 1961 jirgin sama ya faɗi kusa da Brussels da dukan 'yan wasanta 18 da ke kan hanyar zuwa gasar duniya a Prague, ba wanda ya tsira, amma da shekara ta zagayo aka yi gasar ƙasa ta 1962. A Janairun 2021, ana tsakiyar annobar korona, an yi ta a Las Vegas ba tare da 'yan kallo ba. Yaron da ya fara koyon wasan yana da shekara biyar ya san watan da za a gwada shi, ya san matakan da zai hau kafin ya kai can.

Mu fa? Ba maza muka rasa ba. A nan Jihar Adamawa, Bachama suna da kokawar da ta daɗe ƙwarai, wadda ake yi a bikin Vunon a Farai ta ƙasar Demsa, kuma duk inda Hausawa suka yi zango, Jimeta ma na ciki, ba a rasa masu sha'awar dambe da kokawa. Abin da muka rasa shi ne tsani. Bikin Wasanni na Ƙasa, wanda aka fara a Ikko a 1973, an shirya shi ne a riƙa yi duk bayan shekara biyu, kuma ana sa wasannin gargajiya a cikinsa. Amma bayan wanda aka yi a Ikko a 2012 ba a sake yin wani ba sai na Abuja a 2018. Shekara shida a rayuwar ɗan kokawa ba ƙaramin abu ba ne, wanda yake kan ganiyarsa a 2012 ƙila ƙarfinsa ya fara ja baya kafin a sake kiransa. Bugu da ƙari, ko an yi bikin, kokawa takan ɓace ne a cikin wasanni barkatai, lambar zinariyarta ta zama ɗaya daga cikin ɗaruruwan da ake ƙirgawa a teburin jihohi.

Abin da ake bukata bai kai tsadar filin ƙanƙara ba, wanda sai an yi ta ba shi wutar lantarki dare da rana kafin ya daskare. Yashi ne, da buhunan da za a kewaye fili, da makaɗa, da alƙalan da jama'a suka amince da su, sai kuma hukumar da za ta tsai da wata guda a hunturu ta ce a cikinsa za a riƙa yi kowace shekara. A fara daga ƙananan hukumomi 21 na Adamawa, zakarunsu su haɗu a Dandalin Ribadu da ke Jimeta, wanda ya yi nasara ya tafi ya gamu da takwarorinsa na Sakkwato da Katsina da Kabi, jihohi kuma su riƙa karɓar baƙuncin wasan ƙarshe bi da bi kamar yadda Tawa da Maraɗi da Damagaram suke yi.