Kunkunniya a madafa: a buɗe wa hayaƙi hanya

Ƴan uwa mata da masu gida na ƙasar Gure, ga ɗari ya matso. Idan iskar hunturu ta taso da rairayi, girki yana komawa cikin ɗaki. A nan ne hayaƙi yake samun mu.

Ku shiga madafa da rana, ku ɗaga kai. Baƙin abin nan da yake lilo a jikin rufi, shi ne kunkunniya. Hayaƙi ne da maiƙon girki da ƙura suka haɗu. Abin da ya manne a rufi, irinsa ne mai girki take shaƙa, ita da goyonta. Shi yake kawo tari da ciwon ido da ciwon haƙarƙari ga yara. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3 da dubu 200 a duniya. Fiye da dubu 237 daga cikinsu yara ne da ba su kai shekara 5 ba.

Kunkunniya kuma tana kama wuta. Idan ta yi kauri a rufin kara ko na kaba, tartsatsi ɗaya ya isa. Kowa ya san gobarar hunturu ba ta tsayawa a gida ɗaya.

Hayaƙi yana da zafi, saboda haka sama yake nufa. In ya samu kafa, sai ya fita. In bai samu ba, sai ya dawo ƙasa ya cika ɗaki. To, kowace madafa tana bukatar kafar hayaƙi a saman bango, dab da rufi, daidai kan murhu. Faɗin taƙi ɗaya ya wadatar. A huda ta a bangon yamma. A ƙasarmu iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, hadarin damina ma daga gabas yake tasowa. Kafar da take duban gabas, mayar da hayaƙi ciki take yi. Wannan aikin mai gida ne, kada a bar wa mata.

Gidaje da yawa suna da kafar, amma ta toshe. Wasu ma da kansu suke cusa mata tsumma don sanyi, su manta da shi har bazara. A cire tsumman nan kafin a hura wuta.

Ga yadda za a yi sharar. A yi ta da safe, murhu yana sanyi. A fitar da abinci da tulun ruwa da yara. Mai shara ta ɗaure hanci da baki da kallabi. A ɗaura tsintsiya a kan doguwar sanda, a kakkaɓe rufi, sannan bango, sannan bakin kafar. A yayyafa ruwa kaɗan a ƙasa kafin a share, don kada baƙin ya sake tashi. Lokacin ɗari a yi haka sau ɗaya a mako biyu.

Wanda murhunsa yake da bututun kwano, ya bubbuga shi da sanda a hankali, ya zura tsumma a ciki ya ja. Inda maiƙo ya kama ƙarfe, a jiƙa kanwa a ruwan zafi a goge. Kanwa dai ba mu rasa ta a ƙasar Gure. Toka da ruwa ma suna yi. A gidajen birni masu girki da gas, akwai ƙarfe mai fanka da ake kafawa a saman murhu yana zuƙe hayaƙi. Shi ma ragarsa tana toshewa da maiƙo. A kashe lantarki, a cire ta, a jiƙa a ruwan zafi da sabulu sau ɗaya a wata.

Ɗanyen icce da kashin shanu mai laima su ne suka fi tara kunkunniya. A shanya su tukuna. Murhun ƙarfe Mai Sauƙi da murhun laka Albarka sun fi duwatsu uku rage cin icce. Amma in murhun laka ya tsage, hayaƙi ta tsagar zai bi. A kwaɓa yumɓu da kashin jaki a liƙe, a bar shi ya bushe kwana 2 kafin a ɗora tukunya.