Ba Faɗuwa Kaɗai Ke Karya Yaro Ba: Hatsarin Murɗewa Da Girgiza

Ɗan ƙanwata yana da shekara biyu da 'yan watanni lokacin da ya daina taka ƙafarsa ta hagu. Ba daga kan gado ya faɗo ba, ba kuma wani ne ya buge shi ba. Gudu yake yi a tsakar gida, takalminsa ya maƙale a bakin tabarma, jikinsa ya juya, ƙafar kuwa ta tsaya inda take. Ya yi kuka, aka rarrashe shi ya yi shiru. Babu kumburi, babu ƙujewa. Kwana biyu uwarsa tana cewa shagwaɓa ce da son ɗauka, kakarsa tana cewa targaɗe ne a kira mai ɗori ya ja. Da aka kai shi asibiti aka ɗauki hoto, sai ga wani siririn layi ya nannaɗe ƙashin ƙwaurinsa kamar zare a jikin mazari.

Likitoci sun daɗe da sanin wannan karaya. Tun a 1964 wani likita mai suna Dunbar da abokan aikinsa a Kanada suka bayyana ta, suka raɗa mata suna karayar 'yan tatata, domin ta fi samun yara daga wata 9 zuwa shekara 3. Wani lokaci hoton farko ma ba ya nuna komai, sai an sake bayan kwana 10 zuwa 14, lokacin da sabon ƙashi ya fara tohowa a wurin. Don haka idan yaro ya ƙi taka ƙafa bayan wasa, kada rashin kumburi ya ruɗe ki.

Me ya sa ɗan wannan juyi zai fasa ƙashin da yake ɗauke da yaro yana tsalle daga kan kujera bai yi komai ba? Ki ɗauki allin makarantar yaranki guda biyu. Ki lanƙwasa ɗaya, zai karye a miƙe. Ɗayan ki riƙe bakinsa biyu ki murɗa kamar mai matse wanki, za ki ga ya tsage a karkace, tsagar tana zagaye shi. Irin tsagar da aka gani a hoton yaron nan ke nan. An halicci ƙashi don ya ɗauki nauyi daga sama zuwa ƙasa, kuma nan ya fi ƙarfi. Murɗawa ce ya fi rauni a kanta.

Injiniyoyi ma da wannan suke fama. Duk wadda makulli ya taɓa karye mata a cikin kwado ta san ba dannawa ce ta karya shi ba. Sandar ƙarfen da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyin bayan mota, wadda makanikai ke kira farfela, galibi ana yin ta da rami a ciki, saboda wahalar murɗawa a bayan sandar take taruwa, tsakiyar ba ta ɗaukar wani abin kirki. Dogayen ƙasusuwanmu ma haka suke, bututu ne da ɓargo a ciki. Sai dai na ƙaramin yaro siriri ne, ƙarfin da zai murɗe shi bai kai yadda muke zato ba.

Wurin wasan yara lokacin sallah yana da irin wannan tarko. Uwa ta ɗora yaro a cinya su sulalo tare a kan abin sulu, a ganinta ta fi kare shi. Robar takalminsa ta kama gefen, ƙafar ta tsaya, nauyin uwa kuma ya ci gaba da tura su. Da shi kaɗai ne, da sai dai ya tsaya cak. Gara ki zaɓa masa gajeren abin sulu, ki tsaya a gefe kina riƙe da shi. Haka nan a kan babur, ki lura da inda ƙafarsa take reto, kada ta shiga wayoyin taya.

Sai hannu. Yawancinmu mun iya kama yaro ta hannu ɗaya mu wurga shi baya don goyo, ko mu fizge shi idan za a tsallake kwata. A gwiwar hannu akwai wata jijiya mai kama da zobe da ta riƙe kan ɗaya daga cikin ƙasusuwan hannun. A jikin ɗan shekara 1 zuwa 4 zoben bai gama ƙwari ba, fizga tare da juya tafin hannu ƙasa na iya sa ya zame ya maƙale a cikin gaɓar. Yaron zai saki hannun a jikinsa ya ƙi ɗaga shi, ko alewa kika miƙa masa da ɗayan zai karɓa. Likita yana mayar da shi cikin daƙiƙoƙi, yaro ya koma wasa. Amma kada a ja a gida, don wata ƙila karaya ce ba zamewa ba. Ki riƙa ɗaga shi ta hammata.

Duk waɗannan suna warkewa. Wanda ba ya cika warkewa shi ne idan abin ya sami ƙwaƙwalwa, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na rubuta wannan.

A 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, wani masanin kimiyya a Oxford ta Ingila mai suna Holbourn ya yi gwaji da sifar ƙwaƙwalwa da aka yi da wani abu mai kama da romon ƙafar saniya da ya kwana ya daskare. Ya nuna cewa ƙwaƙwalwa tana da wuyar matsewa, amma tana da sauƙin gurɗewa, kuma juyawar kai farat ɗaya ta fi yi mata ɓarna fiye da turawa a miƙe. Ki gwada da kwanon koko mai kauri. Ki tura shi gaba a kan tire, kokon zai bi kwano. Ki juya kwanon da sauri, kwanon zai tafi ya bar kokon a baya yana ja. Haka ƙoƙon kai yake juyawa ya bar ƙwaƙwalwa, ƙananan jijiyoyin jini da suka haɗa su su tsinke, zaruruwan da ke kai saƙo a ciki su miƙe fiye da ƙima. Wannan ne ma ya sa a Suwidin aka ƙirƙiro hular kwano mai tsarin MIPS, wadda ke da wani shimfiɗi a ciki da ke zamewa kaɗan idan an faɗi, don ya rage juyin da zai kai ga kan.

Jariri kuwa kansa ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon jikinsa, wuyansa bai iya riƙe shi ba. Idan babba ya kama shi ta ƙirji ko kafaɗa ya girgiza da ƙarfi, kan yana lilo gaba da baya yana juyawa a kan wuya. A 1971 wani likitan tiyatar ƙwaƙwalwa a Ingila, Norman Guthkelch, ya danganta taruwar jini a cikin kan jarirai da irin wannan girgiza, ko da babu tabo a waje. Bayansa John Caffey a Amurka ya ƙara fito da batun. Hukumar CDC ta Amurka ta ce kimanin ɗaya cikin huɗu na jariran da suka sami irin wannan rauni suna rasuwa. Da yawa daga waɗanda suka rayu suna tashi da makanta, farfaɗiya ko tawayar koyo.

Kada hankalinki ya tashi a kan jijjigar rarrashi da muke yi a kafaɗa ko a goye. Wannan ba ta da illa. Ana magana ne a kan girgizar fushi, wadda duk wanda ya gani zai ce a'a, a bari. Da kuma ta firgici: yaro ya shiɗe ko ya sanƙare, a ɗauke shi ana girgizawa wai don ya farfaɗo. Ba ta farfaɗo da kowa.

Abin da ya fi jawo ta shi ne kuka. Kukan jariri yakan kai ƙololuwa wajen mako 6 zuwa 8 da haihuwa, ya fara sauƙi wajen wata 3 zuwa 4. Ki lissafa: mako shida kusan daidai yake da arba'in. Wato lokacin da mai jego ta gama wanka, tsohuwar da ke taya ta ta koma, ko ita ta dawo ɗakinta, shi ne lokacin da yaron ya fi kuka. Ga rashin barci, ga girki, ga sauran yara. Ni dai ban taɓa jin an faɗa wa mai haihuwar fari wannan ba, sai dai a ce nononta ne bai ishe shi ba.

Idan kin shayar, kin canza masa, babu zazzaɓi, kuma kin ji ranki ya fara ɓaci, ki kwantar da shi a rigingine inda ba zai faɗo ba, ki fita tsakar gida minti biyar ko goma. Ki wanke fuska, ki kira maƙwabciya. Kukan minti goma ba zai yi masa lahani ba. Wannan magana ki faɗa wa maigida da bakinki, da 'yar aiki, da yayarsa 'yar shekara goma da kike bar wa raino idan za ki unguwa.

In kuwa an riga an girgiza shi, ki lura da amai, yawan barci, ƙin kama nono, sanƙarewa ko kumburin maɗiga. A tafi asibiti nan take, a faɗi abin da ya faru ko da da kunya. Alamun suna kama da na zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau, idan aka ɓoye sai a ɓata awanni ana neman cutar a wani wuri, jini yana taruwa.

Ɗan ƙanwata ya yi mako huɗu da ɗaurin asibiti. Da aka cire ya yi 'yan kwanaki yana ɗingishi, daga nan ya koma gudunsa. Uwarsa dai yanzu da an gama cin abinci take naɗe tabarmar ta jingine.